Mabuɗin Fim a Matsayin Take: Nazari a kan Jerin Sunayen Farko a Finafinan Zullumi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayani a kan aikin da jerin sunayen farko yake yi a finafinan zullumi. Abin da ake nufi da fim ɗin zullumi shi ne wanda aka gina a kan laifi ko makirci ko farautar rai, ta yadda ɗan kallo zai zauna cikin fargabar abin da zai biyo baya. Jerin sunayen farko kuwa, wanda za a riƙa kira mabuɗi, shi ne ɗan lokacin da ake nuna sunan fim da na masu aikinsa kafin labari ya kankama. Abin da ya jawo wannan nazari shi ne ɗabi'ar 'yan kallo Hausawa a Dei-Dei da ke Birnin Tarayya, Abuja, inda marubucin ya lura ana tsallake mabuɗin wasu finafinai, ana kuma zaunawa a kalli na wasu.

2.0 Mabuɗi a Adabin Hausa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa yadda aka buɗe zance shi ke shirya mai sauraro. Mai tatsuniya ba ya farawa sai ya nemi amincewar yara sun amsa masa. Marubucin waƙa yakan fara da ambaton Allah da salati ga Annabi. A fagen dambe kuma, kafin a ɗaura zare, makaɗi yakan kaɗa wa ɗan dambe takensa da kalangu, jikinsa ya tsuma, 'yan kallo su ma su tsumu. Ke nan mabuɗi iri biyu ne. Akwai na ladabi da neman albarka, akwai kuma na tsuma jiki. Fim ɗin zullumi nau'i na biyu yake bukata, wato take.

3.0 Yadda Mabuɗi Yake Gina Zullumi

Idan aka dubi finafinan da suka shahara a wannan fanni, za a ga hanyoyi huɗu.

Ta farko ita ce sauti. A fim ɗin Jaws na 1975, John Williams ya yi amfani da amo biyu kacal da suke bin juna, suna ƙara sauri, yayin da kyamara take ratsa ƙarƙashin teku. Ba a nuna kifin ba, amma kunne ya riga ya gaya wa zuciya cewa wani abu yana tahowa.

Ta biyu ita ce siffar rubutu. A fim ɗin Psycho na 1960, wanda Alfred Hitchcock ya ba da umarni, Saul Bass ya sa layuka suna shigowa daga gefe suna tsaga sunaye gida biyu, Bernard Herrmann kuma ya raka su da kayan kiɗa masu tsirkiya zalla. Sunan da ya tsage ishara ce ga hankalin da ya rabu, wanda shi ne jigon labarin.

Ta uku ita ce nuna yanki a ɓoye sauran. A fim ɗin Se7en na 1995, Kyle Cooper ya nuna hannuwan mai kisan kai kawai, yana kankare fatar yatsunsa da reza, yana cika littattafai da rubutu, sunaye kuma suna rawa kamar an karce su da allura. Hatta sunan ɗan wasan da ya fito a matsayin mai kisan, Kevin Spacey, an cire shi daga mabuɗin don kada asiri ya tonu.

Ta huɗu ita ce gabatar da aukuwa kafin sunaye. Masu kallon finafinan Indiya a sinimomin Kano da Kaduna za su tuna fim ɗin Don na 1978, inda aka fara da jakar da Amitabh Bachchan ya jefa ta fashe, sannan sunaye suka biyo baya cikin kiɗa mai gudu.

Abin da ya haɗa waɗannan hanyoyi shi ne, kowace tana dasa tambaya a ran ɗan kallo ba tare da ta ba shi amsa ba.

4.0 Mabuɗin Fim ɗin Hausa da Ɗan Kallon Dei-Dei

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990. Tun daga lokacin, mabuɗin da aka fi sabawa da shi ya gaji nau'i na farko da aka ambata a sama. A zamanin kaset da faifai, ɗan kallo yakan wuce tallan finafinai masu fitowa, da shaidar hukumar tacewa, wato ta tarayya da aka kafa a 1993 ko ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, sannan godiya ga Allah da iyaye da masu gidajen da aka ara, duk cikin amon fiyano mai taushi. Wannan tsari yana da dalilinsa. Sana'ar ta tashi ne a kan zumunci da aro, kuma sunan tauraro shi ne yake sayar da fim, don haka ba a ɓoye shi.

Sai dai abin da ya dace da fim ɗin soyayya yakan kashe fim ɗin zullumi. Dei-Dei wuri ne na kasuwanni, na kayan gini da na katako da na dabbobi, kuma yawancin Hausawan da ke can masu neman abinci ne, fatake da 'yan dako da direbobi. Kallonsu na ɗan tsakanin aiki ne, a waya, a teburin mai shayi, bayan mai tura finafinai ya zuba musu a kati. Irin wannan ɗan kallo yatsansa na kan allo. Idan mabuɗi ya zama jerin godiya, zai ja shi gaba, ya faɗa cikin labari da sanyin jiki, ya tarar da kisa ko sata ba tare da an shirya shi ba. Kamfanin Netflix ma ya amince da wannan ɗabi'a, domin a 2017 ya sanya maɓallin tsallake mabuɗi.

Finafinai masu dogon zango, irin su Kwana Casa'in na tashar Arewa24 da aka fara a 2019, da Labarina na Aminu Saira da aka fara a 2020, sun kawo sauyi, domin kowanne yana da mabuɗi tsayayye da ake maimaitawa a kowane kashi har ɗan kallo ya gane shi daga nesa. Wannan shi ne ainihin aikin take.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa mabuɗin fim ɗin zullumi wani ɓangare ne na labarin, ba allon sanarwa ba ne. Mai shirya fim ɗin Hausa ba ya bukatar aron komai daga waje don ya cim ma wannan. Yana da kuge da ake shelar yaƙi da shi, da gangin mafarauta, da goge, da shirun dare da haushin kare. Ana iya buɗewa da basmala kamar yadda aka saba, a mayar da doguwar godiya ƙarshen fim inda ba za ta rage wa kowa daraja ba, a bar mintin farko ya yi aikin da makaɗi yake yi kafin a ɗaura zare.