Takardun Jarrabawar Ƙasashen Waje: Nawa Ne Darajarsu a Jami'o'inmu?

YOLA — Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai kuɗin CFA wurin 'yan canji a Jimeta ya san cewa darajar takardar kuɗi tana hannun mai karɓarta, komai kyawun hatimin da aka buga mata a ƙasar da ta fito. Haka lamarin yake ga takardun jarrabawar sakandare na ƙasashen waje, irin su A Level ta Cambridge da IB da AP, waɗanda attajirai da manyan ma'aikata ke ƙara zuba wa kuɗi da fatan 'ya'yansu za su sami rangwamen shekara guda a jami'a. Akwai jami'ar da za ta karɓi takardar ta ɗauke wa yaro shekara cur, akwai wadda za ta ɗauke masa darasi biyu ko uku kacal, akwai kuma wadda za ta yaba masa, sannan ta ce ya fara daga farko. Tun da maganar ta shafi miliyoyin naira da kuma shekarun yaro, ya kamata mai biyan kuɗin ya san yadda ake wannan canji kafin ya sa hannu a aljihu.

Ma'aunin da ake ciniki da shi

Da farko dai sai a raba kalmomi biyu da suke rikita iyaye. Kiredit ɗin da aka sani a jarrabawar WAEC da NECO daraja ce ta cin darasi, kuma guda biyar ake nema, har da Turanci, kafin a duba yaro a jami'a. Shi kuwa kiredit na jami'a, wanda ɗalibai suka fi kira yunit, ma'auni ne na yawan karatu, kamar yadda mudu yake ga hatsi. Yunit ɗaya yana daidai da sa'a ɗaya ta lacca a kowane mako har tsawon zangon karatu na kimanin mako 15, kuma akasarin darussa yunit biyu ne ko uku.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta shimfiɗa wannan tsari a kan dukkan jami'o'in Nijeriya cikin ƙa'idojin da ta fitar a 1989, kuma sabon kundin manhaja da ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ya ci gaba da aiki da shi. A digiri na shekara huɗu, mafi ƙarancin abin da ɗalibi zai tara shi ne yunit 120, watau kimanin 15 a kowane zango har zango takwas. Jami'o'in Amurka ma a kan wannan adadi suke tafiya. Saboda haka idan aka ce jami'a ta ba ɗalibi yunit a kan jarrabawar da ya ci a sakandare, ana nufin ta yarda cewa ya riga ya biya wani ɓangare na wannan bashi na 120 tun kafin ya shigo.

Su wane ne takardun

A Level ta samo asali ne daga Ingila, inda ɗalibi ke zaɓen darussa uku ko huɗu ya zurfafa a cikinsu na shekara biyu. Wannan zurfi ne ya sa digirin farko a Ingila yake shekara uku. IB kuwa an kafa ta a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan a 1968, domin 'ya'yan ma'aikatan da ke yawo ƙasa-ƙasa. Ita ma shekara biyu ce, da darussa shida, uku daga ciki a babban mataki. Kowane darasi ana ba shi maki daga 1 zuwa 7, jimillar makin duka 45, kuma sai da 24 aƙalla ake samun difloma. AP ta Amurka ce, hukumar College Board ke gudanar da ita tun shekarun 1950, kuma darasi-darasi ake rubuta ta, da maki daga 1 zuwa 5.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Dattawan da suka yi karatu a shekarun 1960 da 1970 suna tuna ajin HSC, wanda ake yi shekara biyu bayan sakandare ta shekara biyar, daga nan a wuce jami'a a yi digiri cikin shekara uku. Da yake makarantun da ke da wannan aji ba su da yawa a Arewa, sai aka buɗe makarantun share fagen shiga jami'a, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara jarrabawar IJMB a 1976 domin auna ɗalibansu. Yola ma ta yi irin wannan kwaleji ta share fage, wadda daga baya aka haɗe ta cikin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa a 1991. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 shi ne ya kawar da HSC daga makarantun gwamnati, ya mayar da digiri shekara huɗu ga wanda ya shigo ta jarrabawar JAMB. Amma ƙofar da masu HSC ke bi ba a toshe ta ba, ita ce ake kira shiga kai tsaye.

Sari da sayen ɗai-ɗai

A Yola da kewayenta mutum zai ga al'adu biyu na karatun jami'a suna maƙwabtaka. Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha, tana cikin jerin jami'o'in gwamnati. Jami'ar Amurka ta Nijeriya, AUN, wadda tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Alhaji Atiku Abubakar ya kafa, ta kuma fara ɗaukar ɗalibai a 2005, an gina ta ne a kan salon karatun Amurka. Waɗannan al'adu biyu, ta Ingila da muka gada da kuma ta Amurka, kowace da yadda take yi wa takardar waje kuɗi.

Hanyar da aka saba da ita a Nijeriya kamar sari ce. Ɗalibi mai A Level ta Cambridge ko IB, ko IJMB, ko JUPEB da wasu jami'o'i suka kafa bisa jagorancin Jami'ar Legas, ko kuma mai NCE daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola, yana sayen fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB. In ya cika sharuɗɗan sashen da yake nema, sai a sa shi aji biyu, a ɗauke masa shekarar farko gaba ɗaya, ya tara yunit 90 a maimakon 120. In bai cika ba, babu rabin rangwame. Har ila yau dole ya kasance da kiredit biyar ɗinsa na sakandare, kuma darussan da ya ci a babban matakin su dace da fannin da yake so. Wanda ya ci Tarihi da Adabi ba zai shiga injiniya da su ba.

Hanyar Amurka kuwa sayen ɗai-ɗai ce. Ofishin rajistara yana ɗaukar kowane darasi ya gwada shi da na jami'ar, ya duba makin da aka samu, sannan ya yanke yawan yunit. Galibin jami'o'in can suna neman maki 5 ko sama a babban matakin IB, da maki 3 ko 4 zuwa sama a AP. Amma babu farashi ɗaya. Jihar Texas ta yi doka a 2005 da ta wajabta wa jami'o'in gwamnatinta su bai wa mai diflomar IB yunit 24 aƙalla, muddin bai gaza maki 4 a darussansa ba. A ɗaya gefen kuma, Kwalejin Dartmouth ta sanar a 2013 cewa za ta daina lissafa AP cikin yunit ɗin kammala digiri. Takarda ɗaya, ƙasa ɗaya, farashi biyu.

Abin lura a nan shi ne, kowace jami'a da ke cikin Nijeriya, ko wane salo take bi, lasisin NUC take riƙe da shi, kuma tun 2017 duk wani gurbin karatun digiri sai ya bi ta na'urar tantancewa ta JAMB. Ɗalibin da aka ɗauka ta bayan fage yakan gane kurensa ne a ƙarshe, lokacin da aka zo tura sunaye bautar ƙasa.

Lissafin riba da faɗuwa

Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa wata jami'a mai zaman kanta tana karɓar naira miliyan biyu a kowane zango, har da masauki da abinci. Zango takwas ya kama miliyan 16. Ɗalibin da aka ɗauke wa yunit 30 ya tsira da zango biyu, watau miliyan huɗu, ya kuma fita kasuwar aiki shekara guda da wuri. Wanda aka ɗauke wa 15 ya tsira da miliyan biyu. Amma wanda aka ɗauke wa yunit tara, in jami'ar kuɗin zango take karɓa a dunƙule ba kuɗin kowane yunit ba, zai yi zangonsa takwas ya biya miliyan 16 daidai, sai dai nauyin karatu ya ɗan ragu masa. Rangwamen yunit ba ya zama kuɗi a aljihu sai ya kai ga share zango sukutum.

Ko da yunit ɗin ya kai, akwai wani shinge. Darussan jami'a a jere suke kamar matakala, wani ba ya yiwuwa sai an ci wanda ke gabansa, kuma wasu sau ɗaya ake koyar da su a shekara. A fannoni irin su injiniya da likitanci da lauya, inda hukumomin sana'a ke da ta cewa a kan manhaja, wannan jeri ya fi tsauri. Kazalika jami'a na iya karɓar darasin a matsayin na zaɓi kawai, alhali na dole suna nan suna jira.

Sai kuma babban lissafin, wato na lokaci. Yaron da ya gama sakandare ta shekara shida, ya ƙara shekara biyu yana A Level ko IB, sannan aka sa shi aji biyu, zai kammala digiri shekara biyar bayan sakandare. Abokinsa da ya ci JAMB ya sami gurbi nan take zai kammala cikin huɗu. An sayi shekara ɗaya da shekara biyu ke nan, ga kuɗin makaranta a kai. IJMB da JUPEB, da yake kimanin shekara guda ake yin su, suna tashi babu riba babu faɗuwa ta fuskar lokaci, kuma da naira ake biyansu. Su kuwa jarrabawar waje farashinsu yana bin fam da dala ne. Iyayen da suka sa 'ya'yansu lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin a saki naira a watan Yuni na 2023, sun ga ta haura 1,500 a farkon 2024, yaran ba su ko kai ga zama jarrabawar ba.

Duk da haka akwai inda jarin yake biya. Ga wanda ya nufi Ingila, A Level ko IB tana shigar da shi digiri na shekara uku kai tsaye, yayin da mai WAEC kaɗai galibi sai ya yi shekarar share fage a can, da kuɗin fam. Shekara guda da aka rage a Ingila ko Amurka ta fi ƙarfin abin da aka kashe a gida. Haka nan ga yaron da ya yi ta zama JAMB shekara da shekaru bai sami gurbi ba, shiga kai tsaye wata ƙofa ce, kuma zaman jiran shi ma asara ne da ba a rubuta shi a littafin ciniki.

Jabu ya ɓata kasuwa

Duk takardar da ke sayen shekara guda, 'yan jabu ba za su ƙyale ta ba. Hukumar JAMB ta bayyana a 2023 cewa da Jami'ar Bayero ta Kano ta binciki sakamakon babban mataki guda 148 da aka gabatar mata, shida kacal ta samu na gaskiya. Wannan ne ya sa hukumar ta tsaurara, ta kafa tsarin tantance takardun daga hukumomin da suka bayar da su kafin a tabbatar da gurbi. Illar ta faɗa har kan masu gaskiya, domin tantancewa tana cin lokaci, kuma wanda takardarsa ta makara zai iya rasa shekarar da ya biya kuɗi don ya rage.

Maganar ta shafi Adamawa ta wata fuskar. Garwa da Yola kogin Binuwai ɗaya suke sha, kuma iyalai da dama suna da 'yan uwa da harkar kasuwanci a ɓangarorin iyaka biyu. Yaron da ya yi karatu a Kamaru yakan zo da A Level ta hukumar jarrabawar ƙasar da ke Buea, ko kuma bakaloriya ta tsarin Faransa. Irin waɗannan takardu Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ce ke auna su ta faɗi daidai da me suke a nan, kuma hikima ita ce a fara wannan zirga-zirga tun kafin a buɗe sayar da fom.

Kafin a biya

Ɗan kasuwa ba ya loda mota sai ya san farashin kaya a kasuwar da za a sauke su. Uban da ake tallata wa A Level ko IB ya fara tsayar da jami'ar da yaron zai je da fannin da zai karanta, sannan ya nemi amsa a rubuce daga ofishin rajistara na jami'ar, ba daga bakin dillali ko makarantar da ke sayar da kwas ɗin ba: wane maki ake nema a wane darasi, yunit nawa za a bayar, cikin darussan dole za a lissafa su ko na zaɓi, kuma zango nawa za su rage a zahiri. Ya tambaya ko kuɗin zango ake biya ko na yunit. Ya tabbatar cewa cibiyar da za a rubuta jarrabawar tana da rajista da hukumar da ke ba da takardar. Daga nan sai ya ɗora kuɗin shekarun da za a ƙara a kan sikeli ɗaya, kuɗin shekarun da za a rage a kan ɗayan. In yaron waje ya nufa, sau da yawa sikelin zai rinjaya wajen takardar. In kuwa Girei ko Mubi ko Zariya zai tsaya, kuma yana da ƙoƙarin cin JAMB, kuɗin nan zai fi amfani in an ajiye masa su ya yi digiri na biyu ko ya ja jari.