Karatun manya bayan yaƙi da jahilci: misalin ƙasar Kurfai

1. Gabatarwa

Idan aka ce « karatun manya » a Nijar, abin da ke fara zo ma mutane a rai shi ne rumfa da baƙin allo, dattawa na zaune suna koyon baƙi da wasali. A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu duba wani rukuni dabam wanda ba a cika maganarsa ba, wato manyan da suka taɓa shiga lakwal, suka iya karatu da rubutu, sa'an nan suka fita kafin su kai inda suke so. Cikinsu akwai malamin kwantaragi mai birbe, da ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye, da sakataren magajin gari, da matar da ke riƙe da littafin asusun ƙungiyar mata. Dukansu suna da aiki, suna da iyali, galibi kuma suna da gona. Tambayarmu ita ce: ta wace hanya irin wannan mutum zai ƙara karatu ba tare da ya bar abin da ke ciyar da gidansa ba?

Mun ɗauki misalin Kurfai ta Tsakiya, komin ɗin karkara mai cibiya a Shikal, cikin gundumar Filinge, jihar Tilaberi. Tsakanin Filinge da Yamai akwai tafiyar kilomita wajen 180. Nisan bai kai a fid da rai da jami'a ba, amma ya fi ƙarfin a je da marece a komo.

2. Maganar kalmomi

Faransanci ya bambanta abubuwa uku waɗanda Hausa ke haɗawa cikin suna guda. Alphabétisation ita ce yaƙi da jahilci. Formation continue horo ne da ake ba ma'aikaci yana bakin aikinsa, kwana biyar ko goma, kuma sau da yawa ba ya ƙarewa da difloma. Za mu kira shi ƙarin sani. Na uku shi ne karatun da ke kai mutum ga takardar shaida, amma a hankali, da dare ko ranakun hutu; shi za mu kira karatu tare da aiki. Bambancin ba na masu nazarin harshe ba ne kawai. Ma'aikaci na iya tara takardun halartar ƙarin sani cike da jaka, matsayinsa da albashinsa ba su motsa ba, domin a aikin gwamnati difloma da jarrabawar ƙarin girma ne ke ɗaga mutum.

3. Abin da aka gina

Ƙasa ta ba matakin farko ƙarfinta tun da wuri. An kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963. Taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira, ya tsai da baƙaƙen rubuta Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan yankin. An buga jaridun karkara irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii domin sabbin masu karatu su sami abin dubawa, kuma a 1977 aka buɗe CFCA a Yamai don horar da jami'an wannan aiki. Dokar LOSEN ta ranar 1 ga Yuni 1998 ta sa ilimin da ba na lakwal ba cikin tsarin ilimin ƙasa.

Can sama kuma, cibiyar karatu mai zurfi ta Yamai da aka buɗe a 1971 ta zama jami'a a 1973, ta ɗauki sunan Abdu Mumuni a 1992. Maradi da Tawa da Damagaram sun sami nasu jami'o'in a 2010, Tilaberi ta sami tata a 2014. Sai dai duk wanda ya san hanya ya san mutumin Kurfai da zai je garin Tilaberi, ta Baleyara da Yamai zai bi. Jami'ar jiharsa ta fi ta babban birni nisa gare shi.

Tsakanin waɗannan matakai biyu, abin da ke akwai kaɗan ne. Babba na iya rubuta sunansa a jarrabawar birbe ko bakaloriya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, candidat libre. Ƙofa ce ta gaskiya, mutane da yawa sun bi ta. Amma jarrabawa kawai ake ba shi, ba darasi. Darussan dare masu shirya mutum, a manyan birane suka fi yawa, kuma da kuɗi. Malaman lakwal suna da CAPED, inda malaman makarantu maƙwabta ke taruwa suna gyara ma juna aiki, wanda ƙarin sani ne. Cibiyoyin koyon sana'a da makarantun gaggawa na masu komawa lakwal kuwa, yara da matasa aka yi ma su. Magidanci mai shekara 35 ba shi da kujera a ciki.

A Najeriya an bi wata hanya. Cibiyar malamai ta ƙasa da ke Kaduna, NTI, wadda aka kafa a 1976, tana koyar da malamai daga nesa, da littattafai da haɗuwar ƙarshen mako a cibiyoyin da ke kusa da su. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana karɓar malamai lokacin dogon hutu, shekara bayan shekara, har su kammala. Ba mu ce tsarin ba shi da aibu ba. Ana yawan kuka da ingancinsa. Abin lura shi ne an gina shi a kan cewa ɗalibin ma'aikaci ne.

4. Shekarar lakwal da shekarar manomi

A nan ne, a ganinmu, babbar matsalar take, kuma ba a cika faɗinta ba domin ba ta kuɗi ba ce. Shekarar lakwal tana farawa a watan Oktoba, daidai lokacin da ake yankan hatsi da ɗaurin damma. Tana ƙarewa da jarrabawa a Yuni da Yuli, lokacin da idon kowa ke sama yana jiran ruwan shuka. A fadamar Dallol Boso da tudun da ke kewaye da ita, wanda ya kuskure ruwan farko ko noman fari ya san abin da rumbunsa zai gaya masa. Ɗan takarar da ya tafi zama jarrabawa a wannan mako, da cimakar gidansa yake caca.

Masu yaƙi da jahilci sun gane haka tuntuni, shi ya sa suke buɗe cibiyoyinsu da rani. Amma rani ma ba fanko ba ne: maza da yawa na tafiya cin rani Yamai, ko Najeriya, ko ƙasashen bakin teku, mata kuma aikin ruwa da itace da daka ya ƙaru a kansu. Sai kuma rashin tsaro na shekarun nan. An rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi, kuma hana hawan babur da aka yi a sassan jihar a 2020 ya nuna yadda zuwa darasin dare a wani gari ke iya yankewa dare ɗaya.

5. Darasin zaure

Abin mamaki, ƙasar Hausa ta daɗe da sanin karatu tare da aiki. A makarantar ilimi ta zaure, ɗan kasuwa da manomi da maɗinki suna zuwa bayan asuba ko bayan magariba, kowa da littafinsa. Wani na cikin Ahalari, wani Ishmawi, wani ya kai Risala. Malam ya biya ma kowa nasa, ya fassara masa da Hausa. Ba a tambayar shekarun haihuwa. Wanda damina ko tafiya ta ɗauke shi wata huɗu, idan ya komo, daga shafin da ya tsaya zai tashi. Ba wanda zai ce ya koma farko.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce lakwal ba ta da ita, domin ita da shekara take awo: ko ka ci ta duka, ko ka sake ta duka. Amma tsarin LMD, wanda ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007, ya kawo abin da ya yi kama da ita. Ana raba karatu kashi-kashi, kowane kashi da makinsa da ake kira crédit: 30 a zango guda, 180 a lisansi. Abin da ɗalibi ya ci ya zama nasa, ana ajiye masa. A kan takarda ke nan, ba abin da ya hana malamin Shikal ya ci kashi biyu bana tsakanin Janairu da Afrilu, uku baɗi, a wani ajin kwalejin Filinge da babu kowa cikinsa ranar Asabar, jami'a ta aiko da malami da takardun jarrabawa. Abin da ya rage shi ne dokar rajista da za ta yarda mutum ya biya kuɗin kashin da ya ɗauka kawai, ta kuma daina ƙirga masa shekarun da ya ƙara a matsayin faɗuwa.

Akwai kuma maganar harshe. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Matar da ta koyi karatu da lissafi da Hausa a rumfar yaƙi da jahilci, har take riƙe asusun ƙungiya, birbe da bakaloriya ba da harshen da ta iya ake yin su ba. Idan ana so ta hau mataki na gaba, sai an rubuta darussan lissafin kuɗi, da kiwon lafiya, da dokar filaye da Hausa, an kuma tsai da kalmominsu. Wannan aiki kuwa na sassan jami'a irin namu ne.