Kasuwa cikin aji: yadda malamai za su koyar da kayan da yara suka saba da su

Yarinyar da ke tallar ƙosai da safe ba ta kuskuren canji, amma sau da yawa in ta shiga lakwal aka rubuta mata 40 x 5 a tablo, sai ta yi shiru. Ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba. Lissafin aji ne bai haɗu da na gida ba. A ajujuwan da yara suka yi yawa, littattafai suka yi kaɗan, wasu ma rumfunan zana ne, malami na iya haɗa su ba tare da kashe ko tamma ba.

Lissafi ya fi sauƙin farawa. A kasuwa da dala ake ciniki, a takarda kuma da tamma. Dala ɗaya tamma 5 ce, jikka ɗaya dala 200, wato tamma 1000. Duk yaron da aka taɓa aika shago ya riga ya san ninkin biyar, sunansa kawai bai sani ba. Sai mushe ya kafa ƙaramar kasuwa a gaban aji: tsakuwa ta zama goro, yashi ya zama hatsi, guntayen kwali su zama kuɗi. Mai saye ya yi tayi da dala, mai sayarwa ya rubuta farashin da tamma a kan ardwaz.

Ga ƴan CM1 da CM2, ana ƙara tiya. Tiyar hatsi ta kai kimanin kilo 2 da rabi, buhu mai kilo 100 ya ɗauki wajen tiya 40. A ce tiya tana dala 150: nawa ne buhu? Amsa dala 6000, wato jikka 30. A tambaya ɗaya yaro ya yi ninkawa, rabawa da awo.

A darasin kimiyya, gwangwanin tumatir uku sun isa. A shuka wake a kowane: na farko ya samu ruwa da rana, na biyu a hana shi ruwa, na uku a sa shi cikin duhu. Yara su riƙa auna tsiron kowace safiya suna rubutawa har sati biyu. Haka ma zaizayar ƙasa: a cika faranti biyu da ƙasa, a rufe ɗaya da karan hatsi, a karkata su, a zuba ruwa da buta. Ruwan da ya gangaro daga kowane zai nuna musu dalilin da ya sa manoman jihar Tawa ke haƙa ramukan rabin wata.

Tarihi kuwa igiya ce za ta taimaka. A ɗaura ta daga bango zuwa bango, a rataya takardu bi da bi: 1899, yaƙin Sarauniya Mangu a Lugu, 1926, mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, 1958, kafa Jamhuriya, 1960, samun ƴancin kai. Sannan kowane yaro ya tambayo kakarsa abin da ya faru a shekarar da aka haifi mahaifinsa, ya zo ya nema masa gurbi a igiyar.

Sai dai akwai sharaɗi. In aji ya cika, a raba yara rukuni-rukuni na shida zuwa takwas, shugabanci ya riƙa zagayawa har kan ƴan mata da masu kunya. Kuma kowane aiki ya ƙare da rubutu, ko da layi biyu ne, in ba haka ba wasa kawai aka yi.

Iyaye ma suna da rawar takawa. Uban da ya dawo daga kasuwa ya ce wa ɗansa ya juya masa kuɗin cefane daga dala zuwa tamma, ya riga ya yi masa bitar darasin ranar.