Awon Zuƙar Iska: Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Duk wanda ya taɓa awon dawa a kasuwar Minna ya san cewa mudu suna ya tara. Hatsin da zai cika wannan har ya yi tozo, a wancan ko baki ba zai kai ba. To, idan haka lamarin yake ga abin da ido ke gani, ina ga iska, wadda ba a ganinta balle a damƙe ta?

Iska tana da nauyi, tana kuwa danne kowane abu a bayan ƙasa. A shekarar 1643 wani masani ɗan Italiya, Torricelli, ya nuna cewa wannan danni yana iya riƙe zaiba a cikin bututun gilashi har tsawon wajen milimita 760. A awon zamani an ƙayyade shi a kan faskal 101,325. Idan aka zuƙe iska daga cikin tukunya ko bututu, dannin da ke ciki yakan ragu. Sanin iyakar raguwar shi ake nufi da awon zuƙar iska.

Minna ba baƙuwar wannan ilmi ba ce. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Baro ta ratsa garin kafin ta isa Kano a 1911, a nan kuma ta Ikko ta zo ta haɗu da ita. Jiragen da suka daɗe suna bin hanyar suna da birki mai aiki da zuƙar iska: kan jirgi ya zuƙe iskar bututun da ya ratsa taragu duka, sai birki ya saki, da zarar iska ta koma ciki, sai ya kama.

A Ingila, inda aka samo wannan dabara, an ga illar saɓanin awo. Yawancin kamfanonin jirgi suna zuƙa har inci 21 na zaiba, amma kamfanin Great Western yana kai wa 25. Idan kan jirgin wani kamfani ya karɓi taragu daga hannunsa, birki ba ya saki sarai, sai ma'aikata sun bi tarago-tarago suna sakinsa da hannu. Haka abin yake a yau ga injin zuƙar majina da jini a asibiti, da masana'antun magunguna da na gwangwanin abinci: agogon awo mai ƙarya yana iya jawo hasarar dukiya, har ma da ta rai.

Saboda haka akan gwada agogon ma'aikata da na ɗakin gwaji, shi kuma a gwada shi da babban ma'auni na ƙasa. A Nijeriya, Hukumar Tabbatar da Ingancin Kayayyaki, watau SON, wadda aka kafa da Doka ta 56 ta 1971, ita ce ke kula da Cibiyar Awo ta Ƙasa a Enugu.

Shi kuma ma'aunin ƙasa, wa zai shaide shi? A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a Yarjejeniyar Mita, aka kafa ofishin awo na duniya kusa da birnin Faris. A 1999 kuma cibiyoyin awo suka amince za su riƙa karɓar takardun shaidar juna, bisa sharaɗin gwada ma'aunansu.

Ga yadda ake yi. Cibiya ɗaya takan jagoranci aikin, ta auna wasu na'urori, ta aika da su su zaga sauran. Wata na'urar ƙwallon ƙarfe ce ƙarama mai juyawa a cikin bututu, yadda gudunta ke raguwa shi ke nuna yawan iskar da ta saura. Kowace cibiya ta yi awonta ba tare da sanin abin da 'yar'uwarta ta samu ba, ta kuma faɗi iyakar kuskuren da take zato. Na'urorin sukan koma gida a duba ko tafiya ta sauya su. Daga nan a buga sakamako kowa ya gani.

Don haka ana kira ga masu masana'antu, da shugabannin asibitoci, da malaman ɗakunan gwaji, da su riƙa kai agogunansu gwaji a kan kari, su adana takardar shaida, kada kuma su sayi na'urar da ba ta da ita.