Laurence Olivier, Ɗan Limamin Coci da Ya Mallaki Dandamali

A cikin 'yan wasan kwaikwayon da ƙasar Ingila ta haifa a ƙarnin da ya shige, da wuya a sami wanda ya kai Laurence Olivier ɗaukaka, mutumin da aka haifa a garin Dorking a shekarar 1907 a gidan wani limamin coci, wanda kuma, kamar yadda ya faɗa da kansa, a wurin wa'azin mahaifin nasa ya fara fahimtar yadda ɗaga murya da sassauta ta ke mallake zukatan masu sauraro.

Hanyarsa a sana'a ita ce ya faro daga zahiri kafin ya gangara zuwa baɗini, watau in an ba shi mutumin da zai kwaikwaya, sai ya fara ƙera masa hanci, ya nemo masa irin tafiyarsa da amon muryarsa, sa'an nan ya nemi zuciyarsa. Da wannan hikima ya fito a Sarki Richard na Uku tare da ƙungiyar wasa ta Old Vic a Landan a 1944, da dogon hanci da doro da ɗingishi, azzalumi mai zaƙin baki wanda 'yan kallo suka ƙi shi alhali sun kasa kawar da ido daga kansa. A shekarar nan kuma ya mai da wasan Shakespeare na Henry V fim, domin ƙarfafa gwiwar mutanensa ana tsakiyar yaƙi, kana ya biyo da Hamlet a 1948, wanda ya ci masa lambar Oscar. Shi ya fara shugabantar gidan wasa na ƙasa daga 1963, aka shigar da shi Majalisar Dattawan Ingila a 1970, darajar da babu ɗan wasan da ya riga shi samu, ya rasu a 1989.

Amma fa kowace fasaha tana da haddi, kuma a ganina tasa ta kai nata ranar da ya ɗauka cewa launin fata ma ado ne da ake shafawa a wanke. A 1964 ya shafe jikinsa da baƙi ya fito a Othello, bayan shekara biyu kuma ya sake shafawa ya fito a Muhammadu Ahmad, Mahadin Sudan, a fim ɗin Khartoum. Mai karatu da ya san cewa da'awar Mahadin nan ta iso har ƙasashenmu, inda Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a, lalle zai ji ciwon ganin malami mai zuhudu da ɗimbin almajirai an taƙaita shi ga zare ido da karya harshe, ko da yake Olivier bai hana shi kwarjini ba. Har fim ɗin ya zaunar da shi gaba da gaba da abokin gabarsa Janar Gordon, Baturen da ke kare birnin Hartum, suna muhawara, alhali kuwa su biyun ba su taɓa haɗuwa ba, wasiƙu kaɗai suka yi ta aika wa juna kafin Hartum ta faɗi a 1885.