Neman Tarihin Mazarƙwaila da Hanyar Jirgi a Kudancin Kano

Jama'a, wannan takarda an shirya ta ne domin malaman makaranta da ɗalibai, da duk mai sha'awar tattara labarin sana'ar rake a ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

A waɗansu ƙasashen duniya rake shi ya jawo jirgin ƙasa. A tsibirin Kuba an buɗe hanyar jirgi tun cikin 1837, domin kai sukari bakin teku. A nan Arewa kuwa ba haka abin ya kasance ba. Dogon da ya taso daga Baro ya iso Kano cikin 1911, ya ratsa ta Ɗangora da Yako a ƙasar Ƙiru, amma gyaɗa da auduga da fatu su ne manyan kayansa. Ƙaramin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Jos, wanda ya bi ta Rahama, kudu da ƙasar Doguwa, saboda kuza aka shimfiɗa shi, kuma an rufe shi cikin 1957. Babbar ma'aikatar sukari ta farko a Arewa, watau ta Bacita kusa da Jebba, ba ta fara aiki ba sai cikin 1964. Saboda haka wanda ya fita neman dogon da ya shiga gonar rake a ƙasarmu zai sha wahalar banza.

Abin da muke da shi shi ne mazarƙwaila. Akan kafa injin ƙarfe a bakin fadama, a ɗaura masa doguwar sanda, doki yana zagayawa da ita, mutum guda yana cusa rake. Ruwan da ya tsiyaye a dafa shi cikin babban kasko har ya yi kauri, kana a zuba a ƙananan tasoshi ya daskare. Aikin rani ne, kuma yakan ci itace ƙwarai. Daga nan sai jakuna su ɗauka zuwa kasuwa. Tambayar da ta kamaci mai bincike ita ce: nawa ne daga cikin wannan kaya ya hau jirgi, a wace tasha, kuma ina ya nufa?

Takardu suna nan a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda aka adana rahotannin Razdan da na Di'o. A leƙa kuma Gidan Ɗan Hausa a Kano. Sai dai a tuna Bature ya fi rubuta abin da ke kawo haraji, ba lalle ya kula da mai tuƙin kasko ba.

A ganina, tsofaffi sun fi takarda gaggawa, gama takarda tana iya jira. Waɗanda suka kora doki a wurin matsa suna yara yanzu sun manyanta, tsofaffin injuna kuma masu sayen ƙarafa na kilo suna ta kwashewa. Fadamun da madatsar Tiga ta shafe cikin 1974 ba wanda zai faɗi abin da aka noma a cikinsu sai wanda ya gani da idonsa.

In za ku fita, ku fara gaida dagaci, ku nemi izninsa. Ku tambayi wanda ya fara kawo inji garin, da inda ya sayo shi. Tsoho ba ya riƙe lissafin shekarun Turawa, don haka ku tambaye shi zamanin wane Sarki ne, na Alhaji Abdullahi Bayero ko na Sir Muhammadu Sanusi. In kun sami tsohon inji, ku kwafe rubutun da ke jikinsa harafi da harafi, domin a nan maƙera sukan sa sunansu da na garinsu.