Ana Yi wa Jarirai Allurar Korona? Amsa ga Iyayen Anka, Gummi da Bukkuyum

Har yau akwai uwar da ke ja da baya ranar rigakafi, tana tambayar malamar asibiti ko allurar korona za a soka wa jaririnta. Ba ita ba ce. Da Najeriya ta fara rigakafin korona a Maris na 2021, 'yan shekara 18 zuwa sama aka kira. Amurka ta amince da yi wa 'yan wata shida a Yunin 2022, amma allurar ba ta cikin katin jariranmu.

Ɗari-ɗarin iyaye ba banza ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau, cikin yara 200 da aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Magani ne aka gwada, ba rigakafi ba, amma tabon ya zauna, har Zamfara ta shiga jihohin da suka dakatar da ɗigon shan inna a 2003.

Abin da ke kan katin tsohon abu ne: allurar penta a cinya a sati 6, 10 da 14, mai tare mashaƙo da tarin shiƙa, sai ta ƙyanda a wata 9 da 15. Zafin jiki da ɗan kumburi na kwana ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne. In yaro ya yi jijjiga ko ya ƙi nono, a garzaya asibiti.

Maigida, karɓi katin ka duba da kanka, ka tambayi sunan kowace allura kafin a yi ta.